An saka ni cikin tawagar bishara zuwa Maraɗi, da sanduna nake tafiya. Wa ya taɓa zuwa?

Ladi Mai Ɗinki:
Salama 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya da ƙafarsu nake nema, ba waɗanda aka ba labari ba. Ikkilisiyarmu a nan Sabon Garin Kano za ta tura mutum tara wajen Maraɗi, kwana goma, sati na biyu na Disamba. Za a zaga majami'un ƙauye ana koya wa dattawa da zumuntar mata yadda za su jawo naƙasassu cikin sujada, a kuma raba kekunan guragu 12. Ni shan inna ta taɓa ni tun ina shekara uku, sanduna biyu nake dogarawa, ƙafar hagu da ƙarfe. Baba Fasto ya ce ni kaɗai ce mai lalura a tawagar, in koya wa mata ɗinki in kuma ba da shaida. Kowa zai kawo dubu 180 daga aljihunsa. Fasfo ina da shi, bai ƙare ba. Abu uku nake son sani: katin allurar shawara nawa ake yinsa yanzu, dubu 180 ɗin ta yi daidai ko ta yi yawa, sannan banɗaki. Ba na iya tsuguno. Ku tuna kuma Disamba ce, ɗinkin Kirsimeti zan bari in tafi.

Baban Godiya:
Ƙanwata fara da fasfo, shi ne mai ɗaukar lokaci. Kada ki bari sai ƙurarren lokaci.

Maman Biyu:
Ai ta ce tana da shi, Baban Godiya. Ladi ki je, Ubangiji da ya kira ki zai tanada. Ni dai ki riƙo min kilishi.

Ɗan Kwari:
Ni duk wata sai na shiga Maraɗi da atamfa. Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Issa, sai gari. In kun fita da asuba kuma shingaye ba su riƙe ku ba, kafin la'asar kun sauka. Kada ku yarda duhu ya same ku tsakanin Katsina da Jibiya. Katin shawara dubu 2 na yi nawa. Dubu 180 kuwa ta yi yawa, me za ku ci a can, naman raƙumi kullum?

Anti Rifkatu:
Dubu 2 a wace shekara? Bara na yi wa ɗiyata, dubu 5 na biya, da rasit.

Bulus Direba:
Ni dubu 15 wani ya karɓa a hannuna ya kawo min har gareji, ko allura ban gani ba.

Anti Rifkatu:
To kai takarda ka saya, sauro bai iya karatu ba.

Mai Keke Uku:
Ladi kin ce wanda ya je da ƙafarsa, ni da gindi na je, amma bari in ba ki nawa. 2018 aka ɗauke ni irin wannan tafiya zuwa wani gari a arewacin Kamaru. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba. Mu goma sha huɗu, har da baƙi uku daga Amurka. Sana'ata walda, kekunan guragu masu ƙafa uku nake ƙerawa shekara da shekaru, da su nake ci da iyalina. Tun a Kano da na ga kayan rabon, kujerun asibiti masu naɗewa guda 30, na ce wa shugaban tafiya waɗannan na kan siminti ne, ƙananan tayoyin gaba za su nutse a rairayi. Ya dafa kafaɗata ya ce kyauta ba a raina ta.

Ranar tashi aka loda kujerun da akwatuna da janareto da lasifika, aka juyo aka ce babu wurin kekena. Kekena fa, ƙafata. Aka bar shi a harabar coci aka ba ni ɗaya daga cikin na rabo. Tun daga nan na zama kaya, sai an tura ni.

Masaukin bene ne. Matasa biyu ke ɗaga ni sama da dare su sauko da ni da safe, in sun manta in zauna. Rana ta uku sun manta har sha ɗaya, ina jiyo su ta taga suna waƙa a ƙasa, an fara taron koyar da yadda ake kula da naƙasassu. Banɗakin da kike tambaya: rami ne, ƙofar ba ta shigar kujera, ƙasan kullum a jiƙe. Silifas nake sa wa a hannu in ja jiki. Daga baya na daina shan ruwa da rana don kada ya kama ni, a zafin can. Na dawo da ciwon mara, wata guda ina shan magani.

Ranar Lahadi aka ɗora ni kan dandamali da kujerar gaba ɗaya, mutum huɗu. Na yi shaida minti biyar a kan yadda na koyi walda na yi aure na haifi uku. Mai fassara ya yi minti goma sha biyar, jama'a na ta kuka, har yau ban san me ya ce na ce ba. Sai wani baƙon mai wa'azi ya kama hannuwana yana ja wai in tashi. Ban tashi ba mana. Ya ce wa taro akwai sauran shakka a zuciyata. Shekara 35 ina bin Yesu a zaune.

Abin da ya fi ci min rai ba nawa ba ne. Wani yaro ɗan shekara tara da wuyansa ba ya tsayuwa, aka zaunar da shi a kujerar manya, yana zamewa ana gyara shi ana ɗaukar hoto. Uwar ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi da shi a ƙirji. Hoton nan shi ne a bangon rahoton da aka buga. Ni kuma ina shafi na biyu, an rubuta cewa an ba ni keke.

Maman Biyu:
Wayyo Allah. Yaya ka yi haƙuri.

Dattijo Mai Ritaya:
Ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, ba na kare shi. Amma kada a ɗauki kuskuren tawaga ɗaya a shafa wa aikin duka. Asibitin ido na ECWA da ke garin nan tun 1943 yake, mutanen da suka baro ƙasarsu ne suka kafa shi. Makarantar makafi ta Gindiri 1953. A Nijar ɗin da ake magana, asibitin Galmi tun 1950, ga Danja kusa da Maraɗi inda aka daɗe ana jinyar kutare. Da kowa ya ce gida bai ƙoshi ba, da ba mu ga ko ɗaya ba.

Mai Keke Uku:
Baba da girmanku, waɗannan da kuka lissafa zama suka yi, wasu har kabarinsu na nan. Mu kwana goma muka yi, biyu a mota.

Fasto Ƙarami:
A duba Luka 14, misalin babban biki. Maigida cewa ya yi a fita a shigo da gajiyayyu da guragu da makafi. Umarni ne, ba sai mun shirya ba. 'Yar'uwa Ladi, ki yi addu'a ki yi biyayya ga shugabanninki. Shawarar intanet ba ta kai ta wanda Allah ya ɗora a kanki ba.

Talatu Fisiyo:
Fasto a gafarce ni, an tambayi masai kun kawo aya. Ni gashin ƙashi ne aikina, na je irin wannan sau biyu. Kujerar gurgu kamar takalmi ce, aunawa ake yi: faɗin ƙugu, tsawon cinya, inda ƙafa za ta sauka. Wanda ba ya jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa, ka ba shi kujera babu matashi mai kyau, gyambo zai fito masa a mazaunai, kuma gyambon nan yana kisa. Masu shirin Wheels for the World ma da suke raba kekunan guragu ƙasa ƙasa, da masu aunawa da makanikai suke tafiya. Ladi ki tambayi kwamitinku wa zai auna, kuma wa zai gyara in taya ta fashe a watan Maris. In kun ga yaro mai murɗaɗɗiyar ƙafa tun haihuwa, ba keke yake buƙata ba, ana gyara ta. Akwai asibitin yara na CURE a Yamai tun 2010, irin aikinsu ke nan. Ku tafi da wannan bayanin ya fi buhun shinkafa.

Fasto Ƙarami:
Ilimi yana da kyau amma ba a auna aikin Ruhu da tef.

Ladi Mai Ɗinki:
Fasto ni da tef nake ci.

Ɗan Kwari:
Duk cikinku wa ya kwana Maraɗi a shekarar nan? Ni. Maganar takardu ta canza. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, aka buɗe Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Da katin ɗan ƙasa muke wucewa a da, yanzu ya danganta da wanda ka tarar a shinge. Kekuna 12 kuwa, ku nemi wasiƙa daga ikkilisiyar da ta gayyace ku, da Faransanci, ta ce kyauta ce. In ba haka ba kayan sayarwa za a ɗauke su.

Bulus Direba:
Ni watan jiya da katin zaɓe na shiga na fito.

Ɗan Kwari:
Kai da ka sayi katin allura a gareji, ba da kai muke ba. Ladi, canji kuma ki yi a nan Wapa. Jika ɗaya, wato sefa dubu, na saya 2,600.

Anti Rifkatu:
2,750 aka ba mijina.

Baban Godiya:
Lokacin da na je ɗari shida ce.

Maman Biyu:
Lokacin da ka je ai Baare Mainasara ne ke mulkin Nijar. Ladi ki kula da lissafinsu, da dala suke ƙirga. Mai ƙosai ta ce min dala ashirin na kusa faɗuwa, na zaci ta Amurka, ashe sefa ɗari take nufi. Kuma in an ce a kai ki likita, asibitin ake nufi ba mutumin ba.

Kurman Tudun Maliki:
Na karanta duka. Kowa keke keke. A tawagar akwai mai maganar hannu? Babu, na sani. Andrew Foster kurma ne, baƙar fata daga Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Kurma ne ya zo wa kurame, shi ya sa ya daɗe. Kurman ƙauye da bai shiga makaranta ba da maganar hannu ta gida yake magana, ba irin ta aji ba. Ku je da mai ji kaɗai, zai yi ta murmushi ya koma gida. Ni shekara shida ina zama a bencin baya a cocinmu ina kallon baki.

Dattijo Mai Ritaya:
A daina cewa gurgu da kurma a nan don Allah, masu buƙata ta musamman ake cewa yanzu.

Mai Keke Uku:
Baba ni gurgu ne, buƙatata kuma ba ta musamman ba ce, ƙofa ce. Ku da kuke kwamitin gini, matakala nawa ce a sabuwar majami'arku?

Talatu Fisiyo:
Bakwai. Na ƙirga ranar keɓewa, ina riƙe da ƙafar kujerar wata mama.

Anti Rifkatu:
Tamu biyar, da tayil mai santsi. An tara kuɗin gangara sau biyu, sau biyu ana cewa a fara gama silin. Makarantar Lahadi kuma an mayar da ita sama, yaron maƙwabciyata ya daina zuwa tun da ya yi nauyin goyo.

Talatu Fisiyo:
Kuma doka ce fa. Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika Janairun 2024. Ƙa'idar gangara, duk inci ɗaya na tsayi ƙafa ɗaya ta tsawo. Matakala biyar masu inci shida shida, ƙafa 30 ke nan. Abin da magina ke yi mana a Kano zamiya ce ta yara, ko mai ƙafa tsoronta yake.

Dattijo Mai Ritaya:
Ƙafa 30 a Sabon Gari? Fili nawa gare mu? Ta bi ta kan kwata ta shiga shagon mai taya? Ku matasa magana ba ta muku wuya. Siminti dubu 10 buhu.

Bulus Direba:
9,500.

Mai Keke Uku:
Ba sai siminti ba. Ku ba ni ƙarfe da faranti in yi muku mai lanƙwasa biyu da abin riƙewa, kuɗin aiki na yafe. Na faɗa wa dattawanmu haka tun kafin korona, aka ce a kawo a rubuce. Na kawo. Aka ce sakatare ya yi tafiya.

Fasto Ƙarami:
Ba a nan ya kamata a tattauna al'amuran kwamiti ba.

Ladi Mai Ɗinki:
Na gode duka. Yaya Mai Keke, tambaya ɗaya: da za a mayar da kai 2018, za ka sake zuwa?

Mai Keke Uku:
Ban sani ba ƙanwata. Kwana biyun ƙarshe na gudu daga taron, wani yaro ya tura ni wurin mai walda a bakin kasuwa. Ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin Fulatanci, da alli muka yi magana a ƙasa. Muka yanka tsofaffin kekunan hawa biyu muka haɗa mai ƙafa uku. Har yau yana turo min hoton waɗanda ya ƙera. Wannan ba ya cikin rahoto. In za ki je, ki sa kafinta ya huda miki kujerar roba ko ta katako a tsakiya, ki ɗora a kan ramin. Kuma ki zauna a kanta a cikin mota, kada su ce babu wuri.

Ladi Mai Ɗinki:
Na kira shugabar tafiya yanzu na tambaye ta masaukin. Ta ce ba ta sani ba ko ƙasa ne ko sama, za ta tambaya. Kuɗin kuma ranar Lahadi ake rufe karɓa.

Dattijo Mai Ritaya:
Bakwai ɗin nan da Talatu ta ce, shida ne. Ta ƙarshen dakali ce.