Coci a tsakiyar birni amma ana hayarsa don taro, su waye 'yan Yunitariyan ɗin nan?

Ɗan_Fadama

Slm 'yan'uwa, ina da tambaya don Allah. Ƙanina yana karatu a Manchesta ta Ingila, ranar Asabar na kira shi bidiyo ina bakin fadama don Inna ta matsa sai ta ga fuskarsa, sai na gan shi a wani ɗaki mai tsabta da kujeru a jere shi da wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu suna taro, na ce ina ne nan, wai coci ne. Wlh gabana sai da ya faɗi, na yi sauri na juya wayar kar Inna ta ji. Da daddare ya kira ya ce Yaya kwantar da hankalinka, hayar ɗakin muka yi na awa biyu, wurin sunansa Cross Street, yana tsakiyar gari ne sosai, kuma a ƙasan wani dogon bene yake, sama duk ofisoshi ne. Ya ce ran Lahadi suna ibadarsu, sauran ranaku kuma ƙungiyoyi na karɓar haya ana taro ana lacca har da masu kiɗan fiyano. Abin da ya fi ɗaure min kai ya ce su waɗannan ba su yarda da Allah uku ba, sunansu Yunitariyan.

To su waye su? Sannan abin da ya hana ni barci shi ne namu. Mu nan ƙauyenmu wajen Ringim ƙungiyar manoman shinkafa a gindin tsamiya muke zama, in damina ta yi mu shiga ajin firamare wanda kwanonsa ke yoyo, alhali masallacin juma'armu da muka yi karo-karo muka gina yana nan a kulle daga juma'a sai juma'a, harabar ga ta nan fal, ba mai shiga sai ƙadangaru. Shin laifi ne mu yi tunani irin nasu?

Malam_na_Tarihi

Wslm Ɗan_Fadama. Ƙaninka gaskiya ya faɗa maka. Sunan ma daga kalmar kaɗaitaka ya fito, wato sun ce Ubangiji ɗaya ne, Annabi Isa kuma mutum ne mai koyarwa, kuma sun sha wuya a kan wannan maganar ba kaɗan ba. A 1553 aka ƙona wani likita Maikel Sabetus da ransa a Janiba, birnin da yanzu yake ƙasar Siwizalan, saboda ya musanta aƙidar uku-cikin-ɗaya. A Ingila kuwa asalin yawancin waɗannan ɗakunan ibada daga 1662 ne, lokacin da aka yi doka cewa kowane limamin coci sai ya bi littafin addu'ar cocin gwamnati, wajen mutum 2,000 suka ƙi aka kore su daga aiki. Jama'arsu suka bi su, da aka sassauta a 1689 suka fara gina nasu wuraren, shi wannan na Cross Street a 1694 aka buɗe shi. A hankali cikin shekaru wasu daga cikin jama'o'in suka koma aƙidar kaɗaitaka, amma sai 1813 doka ta daina hukunta wanda ya faɗe ta a fili.

Ginin da ƙaninka ya shiga ba shi ne na asali ba. Jiragen Jamus sun rusa tsohon ginin a ƙarshen 1940, aka sake gini a 1959, na yanzu kuma na 1997 ne. Ka lura da abu ɗaya, duk wannan rushe-rushen ba su tashi daga wurin ba, gari ya girma ya kewaye su, fili ya yi tsada, mabiya suka ragu, sai suka zauna a ƙasa ofisoshi suka hau sama.

Akwai irinsa a birnin Lids na Ingila mai suna Mill Hill, shi ma a bakin babban dandalin garin. Wanda ya yi musu limanci daga 1767 zuwa 1773 shi ne Josef Piristili, mutumin da muke koya wa yara a aji cewa yana cikin waɗanda suka gano iskar oksijin, kuma a nan Lids ɗin ya gano yadda ake sa gas a ruwa, wato kakan lemon kwalbar da kake sha. Daga baya a 1791 'yan tarzoma suka ƙone masa gida a Bamingam ya ƙare a Amurka. Su mutane ne da tun can suke haɗa ibada da karatu da harkar jama'a, makarantun Lahadi na koya wa 'ya'yan ma'aikatan masaƙa karatu da sauransu, shi ya sa buɗe ƙofa bai zame musu baƙon abu ba. Ga kuma maganar kuɗi, mutum talatin ko arba'in ba za su iya riƙe gini a tsakiyar Manchesta ba sai da kuɗin haya.

Almajirin_Malam

Malam ya yi bayani Allah ya ƙara sani, amma ni ina so in ja hankalin ɗan'uwa kar ya ji kalmar Allah ɗaya ya ɗauka sun zama namu. Na yanzu ba su da wata aƙida da ake tilasta wa kowa, za ka samu mai bin Kiristanci, ka samu wanda ma bai yarda da komai ba duk suna zaune wuri ɗaya. Wannan ba tauhidinmu ba ne.

Maganar masallaci kuma ba sai mun je Ingila aro ba ai. Masallacin Manzon Allah SAW a Madina nan ake karatu, nan ake shawara, nan Ahlus Suffa, wato sahabbai marasa muhalli, suke kwana, nan ya karɓi baƙin Najran waɗanda Kiristoci ne, har 'yan Habasha sun yi wasan masu a ciki ranar idi Nana A'isha tana kallo. Mu ne muka mayar da shi wurin kwaɗo da makulli. Sai dai akwai iyaka fa, an hana ciniki a ciki, an hana cigiyar abin da ya ɓata, to ku kuma taron manoma na san shi, da an zo rabon taki sai murya ta tashi wani ya ce an cuce shi, wannan a cikin masallaci bai dace ba sam. Haya ma ni ban ga fuskarta ba tunda wakafi ne. Harabar ita ce abin dubawa, ku je ku zauna da liman.

Ɗiyar_Sumaila

Gaisuwa gare ku iyayena da yayyena. Ni Bahaushiya ce Kirista daga wajen Sumaila, kuma gsky mu a wurinmu wanda bai yarda da Triniti ba, wato aƙidar uku-cikin-ɗaya, ba ma lissafa shi cikin ikilisiya, don haka kar a ɗauka duk coci haka yake. Amma batun buɗe ƙofa na san shi tun ina yarinya. Cocinmu na ƙauye ɗaki ɗaya ne na laka da benci takwas, a ciki mahaifiyata ta koyi karatu da yamma ita da maƙwabtanta har da Musulmi biyu, allon na nan jingine bayan bagadi, ranar Lahadi a juya shi ya kalli bango. Ma'aikatan allurar rigakafi ma in sun zo a ƙofarsa suke ajiye akwatin ƙanƙararsu don nan ne ke da inuwa. Ba mu taɓa karɓar ko sisi ba, wanda ya yi amfani da wurin ya share ya mayar da benci, shi ke nan. Matsalar da muka sha ita ce makulli, yau yana hannun wannan gobe an tafi da shi kasuwa, sai da aka damƙa wa wata tsohuwa da ba ta zuwa ko'ina sannan aka huta.

Maman_Khalifa

Ni dai abin da ya taɓa ni ku maza kuna da gindin tsamiya ma, mu fa? Adashinmu na mata ashirin da biyu a tsakar gidan wata muke yi, ran da maigidanta ya yi baƙi sai a fasa, ajin yaƙi da jahilci sau biyu ana farawa yana mutuwa saboda rashin wurin zama, lokacin ambaliyar 2022 kuwa kowa ya ga yadda aka cunkushe a ajujuwan makaranta mata da yara ba ko labule. In za ku yi rumfa a harabar nan don Allah Ɗan_Fadama ku sa mu a lissafi tun daga farko, a ware mana rana ɗaya ko biyu a sati da ƙofa ta gefe, kar sai an gama a ce ai ta maza ce.

Ɗan_Fadama

Na gode ƙwarai, Malam na tura wa ƙanina bayaninka ya ce shi da yake shiga wurin ma bai san rabin wannan ba. Almajirin_Malam na ji, cikin masallaci ba za mu taɓa ba, dama rabon taki ko a gindin tsamiya sai an rarrashi mutane. Jiya bayan la'asar na auna gefen arewa na harabar da ƙafa, taku 18 ne a 9, zai ɗauki rumfa mai kyau ba tare da an matsi sahun juma'a ba, hasali ma masu sallah a rana za su samu inuwa. Maman_Khalifa in sha Allah da ku za a fara maganar, zan sa uwargidana ta tuntuɓi shugabar adashin garinmu kafin mu je wajen liman da mai unguwa ran Alhamis. Wanda ya san nawa bandir ɗin kwano yake yanzu a Kano, da ko bandir uku zai isa wannan faɗin, don Allah ya faɗa min kafin Laraba.