Ban taɓa wuce 4 ba a ƙirgen numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, gidanmu a unguwar Aboabo. Wata uku ke nan ina gwada zaman natsuwa bayan asuba: in zauna kan darduma, in rufe ido, in ƙirga numfashi daga 1 zuwa 10. Ban taɓa wuce 4 ba, sai tunanin masu cin bashina ya kutso. Wannan ma da sauƙi. Matsalar ita ce zagin kaina da nake yi, "ke dai ba ki iya komai ba", har in tashi raina a ɓace. An ce in hankali ya gudu, a dawo da shi ba faɗa. To ta yaya? Ko in rage zaman zuwa minti 2? Don Allah wanda ya saba ya taimaka min.