Neman kalma: alamomin da ake bugawa a bayan cokalin azurfa

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 7 na safe zan karanta rahoto a rediyo kan masu tara tsofaffin kayan azurfa a Ingila, su cokula da butocin shayi da awarwaro. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, "hallmark". 'Yan ƙananan alamomin nan ne da ake bugawa a bayan cokali ko gindin buta, waɗanda mai saye ke kifa kaya ya duba tun kafin ya taya. Ku taimaka.

Malamin Nahawu: Wa'alaikumus salam. Hatimi. An gama.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, da shi na fara. Sai dai abin jeri ne. Akwai haruffan sunan maƙeri, akwai zaki mai tafiya da ke nuna azurfa 925 ce cikin 1000, sai alamar garin da aka gwada ta, kan damisa na Landan, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham, sannan harafi guda na shekara.

Jikan Maƙeri: To ai tsaga ke nan! Da ka ga fuskar mutum ka san garinsu da gidansu. Cokali ma haka. Tsagar azurfa. Ku ɗan maimaita a baki ku ji daɗinta.

'Yar Gwanjo: Mai sauraro zai ɗauka cokalin ne ya tsage. Ni da na ji "tsaga" a kan kaya, ragi nake nema.

Ɗan Zariya: A ce kan sarki mana, hhh. Kuma ba wasa zalla ba ne, daga 1784 zuwa 1890 suna ƙara kan sarkinsu ko sarauniya a jerin, shaidar an biya haraji.

Malamin Nahawu: Kan sarki yana gidan waya, a bar shi can.

Jikan Maƙeri: Malam, hatimi Larabci ne. Kullum sai mun yi aro? Kakana cikin maƙeran farfaru yake, bai taɓa rasa sunan abu da Hausa ba. Tsaga tamu ce gaba da baya.

Malamin Nahawu: Yaro, idan korar baƙi za ka yi, fara da azurfar. Daga bakin Buzaye muka karɓo ta, haka ma cokalin. Ka kore su mu ga da me za a karanta rahoton.

Hajiyar Damagaram: Madalla da aka tuna da mu yau. Ku 'yan Najeriya in Ingila ta yi tari sai ku ce duniya ce ke mura. Faransa ma tana da nata, kan mace mai hular yaƙi, tun 1838. Kuma ku daina yanke kalma ku kaɗai kamar Hausa a Kano ta tsaya.

Ɗan Zariya: Hajiya, ai ko a Yamai aka buga littafi, rubutun Kano ake bi.

Hajiyar Damagaram: Rubutu daban, baki daban, ɗana. Liyari, tsohon kuɗin azurfar nan da maƙeran Agadas ke narkewa su yi sarƙa, ka taɓa riƙe shi? Duk wanda aka buga tun daga 1780, shekarar 1780 ce a jikinsa, ko yaushe aka buga shi. Ba duk abin da ke jikin azurfa ne shaida ba.

'Yar Gwanjo: Nan Hajiya ta taɓo wurin. Na taɓa sayen faranti saboda na ga haruffa a gindinsa, ashe EPNS ne, ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa. Shi ma ai bugu ne. Abin da ya raba su, na gaskiyan ba maƙeri ne ke yabon kansa ba, wani ofishi daban ne ya gwada ya buga. Sunan ma daga zauren ƙungiyar maƙeran zinariya na Landan ya fito, inda ake kai kaya gwaji tun 1478. Dole kalmar ta ɗauki wannan.

Malamin Nahawu: To, hatimin inganci. Jam'i, hatiman inganci.

Jikan Maƙeri: Inganci kaɗai? Ina gari, ina shekara? Tsaga ta kwashe duka.

Mai Fassara: Dare ya yi. Zan ce hatimin ingancin azurfa, in bi shi da bayani sau ɗaya cewa kamar tsagar gado yake, yana faɗin gari da gida da shekara. Yaya Jikan Maƙeri, ka ga ba a bar ka a baya ba.

Jikan Maƙeri: An ba ni kujerar baya dai. Ni a shagona tsaga zan ci gaba da cewa.

Hajiyar Damagaram: Hatimi ya yi. Amma in ka zo kan "sterling", sunan azurfa 925 ɗin nan, ka dawo, kada in ji ka ce sulalla.