Mai yankanmu ya tafi ana saura kwana goma Sallah, shago ya rikice

Mai Shago a Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Fagge cikin Kano, mu bakwai ne har da mai guga. Ana saura kwana goma ƙaramar Sallah mai yankanmu ya tafi ƙauye, mahaifiyarsa ba lafiya. Ban ga laifinsa ba. Sai dai shi kaɗai ya san awon mutane, rabi a littafi, rabi a kansa. Shadda ta taru, janareto na ta shan mai, yara suka koma cacar baki kan wa ya ɓata wuyan riga. Wani dattijo da ya shekara takwas yana kawo ɗinki wurina ya zo ya karɓi yadinsa yadda ya kawo shi, bai ce min uffan ba. Shirun nan har yau yana damuna. Yaya zan tsara yarana ta yadda tafiyar mutum ɗaya ba za ta durƙusar da mu ba?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kowane aiki a samu mutum biyu da suka iya shi. Lokacin ambaliyar Kantin Kwari a 2022 maigidanmu ba ya gari, amma mu uku mun san inda kowane kaya yake da wanda ake bi bashi, shi ya sa muka kwashe atamfofi ba tare da jiran umarni ba. Ka sa mai yanka ya koya wa biyu, awo kuma a rubuta duka.

Hajiya Mai Abinci, Zoo Road:
Ƙanena, ka riƙa gaya musu gaskiyar halin da ake ciki. A farkon 2023 da takardun naira suka yi wuya, na zaunar da 'yan matana na nuna musu cinikin rana. Su da kansu suka ce a rage tukunya ɗaya, kada a sallami kowa. Tun daga nan muke ajiye wani abu duk Juma'a saboda rashin lafiya ko rasuwa.

Tela Ne Ni:
Maigida, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Awa nawa yaran nan suke barci a goman ƙarshe? Mutum yana azumi, ya hau keke daga bayan tarawihi har sahur, dole almakashi ya kauce. In kuma aka yi masa tsawa a gaban mai kaya, gobe in ya yi kuskure ɓoyewa zai yi, sai ranar karɓa a gani. Ka rufe karɓar ɗinki daga sha biyar ga azumi, ko waye ya kawo.

Mai Shago a Fagge:
Maganarka ta taɓa ni, ɗan'uwa, don na yi tsawar. Na gode muku duka. Ranar Asabar zan sayo yadi mai araha, yara biyu su fara koyon yanka a kai.