Wane zarton inji mai doguwar sanda ya dace da sassaben bishiya a gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara.

A gidanmu da ke Tudun Wada, Zariya, akwai mangwaro da darbejiya da rassansu suka sauko kan kwano. Da an yi iska sai ka ji suna kartar rufin, ga damina na ƙaratowa. Yaron da ke hawa da adda ya bar gari, ni kuma gwiwa ba ta barina hawa tsani. Shi ya sa nake son zarton da ake yanka da shi daga ƙasa.

Mai jona wa soket na cire shi a lissafi, kun san halin wuta. Saura mai fetur da mai batir. Na fetur ya fi ƙarfi, amma sai an gauraya masa man inji da fetur, ga nauyi ga ƙara, kuma idan ya daɗe a ajiye kafireto kan toshe. Ni kuwa aikin na lokaci-lokaci ne. Mai batir ya fi kwanta min, sai dai wanda aka nuna min na hannu ne daga Amurka, cajarsa ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu kuwa 230. Taransifoma ƙarama za ta wadatar, ko in haƙura da shi?

Reshen da ya fi kauri ya kai cinyar babban mutum. Mai bakin inci 8 zai iya, ko sai inci 10? Sannan idan sarƙa ta dakushe, ana samun sabuwa ko mai wasawa a kasuwar Sabon Gari?

Reshen da ke kusa da wayar lantarki kam ba zan taɓa ba, ma'aikatan wuta zan kira. Wanda ya taɓa amfani da irinsa ya taimaka min.