Ranar al'adu ta matso, ya za mu yi rawa ta haɗa ɗalibai maimakon ta raba su?

Ɗan_Aji_Huɗu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiyar ɗalibai ko suka taɓa shirya ranar al'adu a makarantarsu. Ni aka ɗora wa shirya ta tsangayarmu bana, saura sati bakwai, kuma wallahi abin da na gani bara har yanzu yana damuna.

Yadda aka yi bara, kowace ƙungiyar jiha ta kawo nata. 'Yan Binuwai suka yi suwange, 'yan Kano suka yi koroso, Yarabawa suka zo da bata, 'yan uwanmu Ibo suka yi atilogu, 'yan Filato ma suka fito. A hoto abin gwanin sha'awa, duk wanda ya gani a Facebook cewa yake kai makarantar nan akwai haɗin kai. Amma mu da muke wajen mun san ba haka bane, kowa ya zauna ne a rumfar 'yan garinsu, in nasu sun fito a tashi da ihu da liƙi, suna gamawa rumfar ta watse kowa ya kama gabansa, waɗanda suka fito ƙarshe kujeru kawai suka yi wa rawa. Da aka zo faɗin wanda ya zo na ɗaya sai aka ce alƙalai sun yi son kai, aka fara jifa da ledar ruwa har sai da masu gadi suka shigo. Kusan sati biyu ana habaici a guruf ɗin ajinmu, mutanen da suke karatu tare suka daina gaisawa.

Toh ni bana so in maimaita wannan. So nake ranar ta zama ta tsangayarmu gaba ɗaya, yaro ɗan aji ɗaya ya ji cewa nan gidansu ne. Kuɗin da ke hannunmu ba yawa, sannan akwai 'yan uwa da suka riga suka ce min su in dai rawa ce babu ruwansu. Ta ina zan fara?

Tsohon_Ɗan_Bautar_Ƙasa:

Wa alaikumus salam ƙanina. Rawar ba ta da laifi, tsarin da kuka ɗora ta a kai ne ya jawo. Ka ce wa mutum fito ka wakilci jiharku, ka ajiye kofi a gaba, ka kawo alƙalai, ai gasar ƙabilu ka shirya ko da sunan da ka rubuta a allo haɗin kai ne.

Bari in ba ka abin da na gani a sansanin bautar ƙasa. Sati uku ake yi, a raba ku falatun goma, kuma ba a tambayarka daga ina kake, lambar da ta faɗo maka ita ce danginka. Da bikin al'adu ya matso sai falatun ɗinmu ya samu Ibo. Mu da yawa ba mu taɓa taka ƙasar Ibo ba kafin nan, ni Bakatsine ne, akwai 'yan Neja, akwai 'yan Oyo, yara uku ne kawai a cikinmu suka iya atilogu, su suka zama malamanmu. Kullum da yamma bayan faretin nan mai gajiyarwa mu taru a bayan ɗakin kwana, ɗaya yana buga ogene, wannan ƙarfen da suke kaɗawa, ɗaya yana ƙirga mana taku, a yi kuskure a yi dariya a sake. Atilogu kuma ba wasa bace, tsalle ne da alkafura da hawa kafaɗar juna, dole ka yarda da wanda zai tare ka. Kafin kwana goma mun san sunan juna, mun san wanda ba ya cin yaji, mun san wanda mahaifiyarsa ke kwance asibiti. Lokacin sallar la'asar in ya yi, yaron nan ɗan Inugu da ke koya mana shi ke tsayar da kiɗa ya ce ku je ku dawo muna jira. Har yau muna waya da shi, shekara takwas kenan.

Ranar bikin kanta ban ma tuna ko na nawa muka zo ba. A wajen gwajin nan aka saba. Kuma ai dama don haka Gowon ya kafa bautar ƙasa a 1973, shekara uku da gama yaƙin basasa, a cakuɗa matasan da ba don haka ba ba za su taɓa zama inuwa ɗaya ba.

Don haka shawarata, ka rushe maganar ƙungiyar jiha a wannan ranar. Duk mai so ya rubuta suna, a yi ƙuri'a a raba mutane rukuni biyar ko shida, kowane rukuni ya zari rawa ɗaya a ƙuri'a. Masu rawar na asali su zama masu koyarwa. Sai ka ga wa zai tashi ya tafi, ɗan Binuwai zai zauna don ya ga yadda ɗalibansa za su taka suwange, sannan ya jira ya ga abokin ɗakinsa a koroso. Sati bakwai ya isa in kun fara satin nan.

Abu_Hafsa:

Malam ni ina cikin irin waɗanda suka ce maka babu ruwansu, gara in faɗa maka dalilinmu da bakina kada a ɗauka ƙin jama'a ne. Yawancinmu ba tufafin gargajiya ko abinci ko ganin al'adar wasu ne matsalarmu ba. Abin da muke gudu shi ne cakuɗa maza da mata ana rawa jiki na gogar jiki, da kuma yadda abin kan fara da sunan al'ada da rana sai magariba ta yi a kashe kiɗan gargajiya a kunna na zamani ya koma fati. Maganar kiɗa kuma malamai sun yi saɓani a kanta, kowa da fahimtar da yake bi, kuma ba ranar al'adu ce za ta warware wannan ba. Akwai kiristoci ma a ajinmu da cocinsu ba ya son irin wannan rawar, ba mu kaɗai bane.

Abin da ɗan uwa na sama ya faɗa na ƙuri'a yana da kyau amma da sharaɗi. Kada ƙuri'a ta tilasta wa yarinya rawa da namijin da ba ta so, koroso ai bibbiyu ake yinta ana ɗaga juna. A ba da zaɓin rukunin maza zalla da na mata zalla. A tsayar da komai lokacin salla, ba wai a rage sauti ba, a tsayar. A tashi kafin magariba. Kuma ku nisanci bori da fito da dodanni, waɗannan ga masu su ba wasa bane ibada ce, ga wasu kuma abin gudu ne, ko ta ina ka ɓullo sai ka ɓata wa wani.

Sannan ka samar wa wanda ba zai yi rawa ba aikin yi. Wani zai iya karanta tarihin kowace rawa kafin a fito, wani ya kula da abinci, wani ya tsara fili. In ka ce haɗin kai sai ta rawa kawai toh ka ware mu tun kafin a fara.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Je ka hostel ka duba yadda ake musayar gado a farkon zango don kowa ya koma ɗakin 'yan garinsu, duba zaɓen ƙungiya yadda ake yinsa. Rawar yini ɗaya ba za ta gyara wannan ba, kada ka ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

'Yar_Gboko:

Sannunku. Ni Tibi ce amma a Kaduna aka haife ni, Hausa na fara ji kafin yarenmu ma. Malam Abu Hafsa gaskiya ka faɗa a kan rukunin mata zalla, kuma ba musulmai kaɗai zai yi wa daɗi ba, 'yan mata da yawa kunyar idon maza ce ke hana su fitowa.

Mu a makarantarmu ba ma da sunan ƙungiya muka fara ba, a ɗakinmu ne. Mu takwas ne, wata 'yar Zazzau ta ga ina taka suwange ina wanki ta ce in koya mata. Suwange ba ƙarfi take so ba, laushin jiki ne, kafaɗa da baya da ƙugu su tafi a hankali kamar ba ƙashi, ana zagayawa a da'ira. Da na kunna mata kiɗan sai ta ce ke wannan ai algaita ce! Wallahi ni duk tsawon rayuwata ban taɓa haɗa cewa abin busar da ke cikin suwange ita ce algaitar da nake ji a hawan salla ba sai ranar. Ita kuma ta koya mana gaɗa, a yi da'ira ana tafi ana waƙa, ɗaya ta shiga tsakiya ta saki jiki ta faɗo da baya sauran su cafe ta su cilla ta sama. Ba ganga ba sipika ba ko sisi. Ranar farko kowa tsoron faɗawa take, don sai ka yarda waɗanda ke bayanka ba za su bar ka ka sha ƙasa ba. Kafin ƙarshen zango 'yan ɗakunan kusa sun shigo, mun kai mu talatin a tsakar hostel. Dan Allah ka sa gaɗa a jerinka, Hausawa kan manta da ita su tafi koroso kawai.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido sosai. In za a yi al'adar wani, a yi ta da mutunci. Na taɓa zama a wani taro inda aka ce za a nuna Bahaushe, sai wani ya fito da yagaggiyar riga da butar shayi yana karya harshe, jama'a na ta dariya, ƙawata da ke gefena ta tashi ta fita idonta cike da hawaye. Mu ma an taɓa yi mana, aka ɗauko wani yadi mai zane ko wane iri aka ce wai kayan Tibi ne. Anger ɗinmu baƙi da fari ne, saƙa ce da ake girmamawa, na Idoma kuma ja da baƙi, makwabta ne mu amma ba ɗaya bane, in ka haɗa su ranar za ka ji magana. Shi ya sa masu al'adar su ne za su duba kaya da taku da waƙa kafin a fito, in sun ce wannan bai yi ba a cire. Kuma a koya wa masu rawa ma'anar waƙar da suke bi, kada mutum ya yi ta maimaita abin da bai san me yake cewa ba.

Kuma kada ka tsaya a manyan ƙabilu uku. A cikin aji guda za ka samu Nufawa da Gbagyi da Barebari da Bajju da Afizere masu rawar asharuwa, kullum su ne 'yan kallo. Yaron da bai taɓa jin an ambaci yarensu a makirfo ba, ranar da ya ga Bakano da Bayarabe suna koyon takun garinsu ba zai manta ba.

Jikan_Makaɗa:

Ni gidanmu makaɗa ne, kalangu muka gada. Roƙona ɗaya ne, ku rage kuɗin haya sipika ku ɗauko makaɗa na gaske ko da mutum uku ne. Kiɗan waya ba ya jiran kowa, in ɗan koyo ya rasa taku shikenan ya ɓata. Makaɗi kuwa ƙafar mai rawa yake kallo, in ya ga ya rikice ya sassauta masa har ya dawo kan hanya, 'yan kallo ba za su ma gane ba.

Ga wani abu da za ka iya rufe taro da shi. Kalangunmu da gangan na Yarabawa ƙira ɗaya ce, siririn ciki, fata baki biyu, tsarkiya a jiki, a saƙale a hammata ana matsawa ana saki murya na hawa tana sauka, shi ya sa dukansu suke magana. Ka tsayar da mai kalangu da mai gangan su fuskanci juna, wannan ya faɗa wancan ya amsa, sai duk rukunonin su shigo fili lokaci ɗaya kowa da kayan da ya yi rawa da su. Ba sai kowa ya yi dogon jawabi ba.

Kuma a biya su haƙƙinsu a hannu tun kafin taro, a ba su kujera da ruwa kamar sauran baƙi. Ana son kiɗa amma ana raina makaɗi, wannan ma yana cikin abin da ya kamata ɗalibai su gyara. Sharo kuma in wani ya kawo shawarar a yi, ka ce a'a, bulala ce ta gaske, ba abin da za a kwaikwaya a filin makaranta bane.

Ɗan_Aji_Huɗu:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, na karanta wa 'yan kwamitinmu amsoshin nan jiya da daddare. Mun tsaya a kan ƙuri'a, rukuni shida, biyu na mata zalla biyu na maza zalla biyu wanda ya ga dama, gwaji Talata da Asabar da yamma, kuma mun cire kofi da alƙalai gaba ɗaya. Shugabannin ƙungiyoyin jiha biyu ba su ji daɗi ba, suna ganin an ƙwace musu ranarsu, gobe zan zauna da su in roƙe su su karɓi aikin koyarwa da duba kaya.

Malam Abu Hafsa, maganar hostel ta tsaya min a rai kuma ban da amsarta. Amma na samu biyu daga cikin 'yan uwan da suka ce babu ruwansu, ɗaya ya yarda zai karanta tarihin raye-rayen, ɗayan ya ce sai ya ga jadawali a rubuce da lokacin tashi, zan kai masa.

Anti 'Yar Gboko, gaɗa ta shiga, asharuwa ma muna neman mai koyarwa. Anger ɗin ne ban san yadda za mu yi ba, muna buƙatar na mutum goma sha biyu kuma kuɗinmu ba zai sayi saƙar asali ba. In muka je aro wajen iyaye 'yan Binuwai da ke cikin gari, ana ba da shi aro ko zai zama rashin ladabi mu tambaya?