Ƙari a jijiyar kunne: in jira IRM ta biyu ko mu sai da fili in tafi Maroko?

Maman Sadiya, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah wanda abin nan ya taɓa samu ko ya yi jinyar mai shi nake son ji daga bakinsa. Tun bara kunnena na hagu yake ƙara kamar kukan gyare dare da rana, ji yana raguwa, in an kira ni a waya sai na mai da ta kunnen dama. Daga baya in ina tafiya sai in ji ana jana gefe ɗaya, musamman cikin duhu ko a rairayi. Likitan ORL (na kunne, hanci da maƙogwaro) a Yamai ya sa na yi gwajin ji da IRM, wato hoton cikin kai da injin maganaɗisu, aka ga ƙari a kan jijiyar da ta tashi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, milimita 14, a takarda sun rubuta neurinome de l'acoustique. Ya ce ba ciwon daji ba ne, ba ya bazuwa, in koma bayan wata 6 a sake IRM a ga ko yana girma. Yayana shi kuma ya ce jira ɓata lokaci ne, mu sai da filin da baba ya bar mana in tafi Rabat a yi min Gamma Knife, aikin da ake yi wa ƙarin da haske ba tare da yanka ba. Abin da ya fi damuna yanzu barci, sai bayan ƙarfe uku nake runtsawa kuma da safe ga yara suna jirana a aji. Tansiyon ɗina lafiya lau, ba ni da masassara, ba na shan kinin. Tambayata biyu ce: in an yi aikin ƙarar tana dainawa? Kuma masu jira yaya kuke yi da dare?

Alhaji Mai Albasa:
Allah ya ba ki lafiya Hajiya. Ki je ki auna tansiyon, ni ma haka kunnena ya riƙa yi ashe hawan jini ne.

Inna ta Gidan Liman:
Ɗiyata ki samu man habbatus sauda ki ɗan ɗumama shi ki riƙa ɗigawa safe da yamma, ki haɗa da tofi. Babu cutar da Allah bai saukar da maganinta ba.

Majo mai ritaya:
Alhaji ai ta faɗa tansiyon ɗinta lafiya. Inna addu'a kam a yi ta, amma ɗigon mai ba zai kai wurin ba, ƙarin yana can bayan dodon kunne cikin ƙashin kai, babu hanyar da mai zai bi. Maman Sadiya, jijiyar nan aiki biyu take yi, ji da daidaita tsayuwar mutum, shi ya sa abubuwan suka zo miki tare. Irin wannan ƙari a hankali yake girma, galibi milimita 1 ko 2 a shekara, wasu ma su tsaya cak. Likitanki bai yi sakaci ba da ya ce a jira.

Ɗan Adar:
Majo ka yi haƙuri amma kalmar "a jira" ita tac cinye muna gida. Yayana shina da shago babba, kunne guda yad daina ji, anka ce mai datti ne, anka wanke, anka sake wankewa, shina ta shan magani har lokacin da ya fara hwaɗuwa kan babur. Da anka yi hoto abin ya wuce santimita 3, sunka ce Gamma Knife ba ta yi mai, sai an buɗe kai. Nan wani ɗan tsakiya yas same mu, wai shi ka kai mutane waje, shi ka yin biza da masauki da komi. Munka sai da shanu, munka sai da gonar bakin fadama. Da munka isa sai kuɗɗi sunka canza, wanda ya hwaɗa muna a Yamai daban wanda anka rubuta can daban, shi kuma ya kashe waya. Mutum na kwance kana iya cewa ka hwasa? Anka yi aiki, an hidda ƙarin alhamdulillah, amma huska ta karkace gehe guda, idon dama ba ya ruhewa sai da dare mu liƙe mai shi da filasta, ruwa in ya sha sai ya zubo ta gehen baki. Kunnen ya mutu gaba ɗai. Kuma wallahi ƙarar tana nan! Kunnen da ba ya jin kiran salla shi ka yi mai ƙara. Mutumin da kasuwa duka ta san shi da dariya yanzu in baƙi sun zo sai ya shige ɗaki. Shagon ya ruhe, ɗiyanshi ni ka biyan lakwal ɗinsu. Ni dai abin da zan ce ki tahi tun abin shina ƙarami.

Hajiya Ƴar Konni:
Innalillahi. Allah ya saka muku Ɗan Adar. Ɗan tsakiyan nan ba wani dogo mai tabon salla ba? Don irin haka aka yi wa mijin ƙanwata.

Majo mai ritaya:
Hajiya kar mu shiga siffanta mutane a nan. Ɗan Adar na ji zafin abin da ya same ku, amma jiran yayanka da nata ba ɗaya ba ne. Shi ba a san da ƙarin ba sam, ita kuma an gani an auna an sa mata rana. Jijiyar fuska tare take tafiya da ta ji a rami ɗaya, shi ya sa in ƙarin ya yi girma aikin ke taɓa ta.

Ɗan Adar:
To in ta jira yag girma wa zai biya ta? Kai?

Maman Sadiya, Tawa:
Yaya Ɗan Adar na yi kuka da na karanta, Allah ya ba shi lafiya. Nawa abin ya ci muku gaba ɗaya in ba damuwa?

Ɗan Adar:
Ya hi miliyan 12 da jirgi da komi.

Maman Biyu, Yamai:
Wannan ai na tiyata ne kuma da cuta a ciki. Ni Gamma Knife aka yi min, ban kai rabin haka ba, wajen miliyan 5 har da masauki. Ba a yanka komai, wani ƙarfe suka ɗaura min a kai aka sa ni cikin injin, yini ɗaya an gama. Amma ƙanwata bari in gaya miki tsakani da Allah tunda abin da kika tambaya ke nan: ƙarar ba ta tafi ba. Tun kafin a yi likitan ya ce min hasken ba ya cire ƙarin, hana shi girma yake yi, kuma a watannin farko zai iya ɗan kumbura. Haka kuwa aka yi, jirina ya ƙaru kafin ya lafa, jin kunnen ma ya ƙara raguwa a hankali. Kuma har yau ina yin IRM ta bibiya. In don barci za ki sai da fili, ki sake tunani.

Abdul Telecom:
Miliyan 5 a wace shekara Hajiya? Mu da muka tambaya wa kawuna bana miliyan 8 aka ce ban da tikiti. Misra ta fi araha.

Hajiya Ƴar Konni:
Wa ya ce maka? Misra masauki ke cinye kuɗin. Indiya ta fi.

Abdul Telecom:
IRM ɗin kanta ma ni jikka 150 na biya.

Maman Sadiya, Tawa:
Ni 110 na biya har da allurar da ake yi a jijiya.

Alhaji Mai Albasa:
An cuce ku duka, ɗana ya yi ta jikka 60.

Majo mai ritaya:
Alhaji wannan sikana ce ɗanka ya yi, wani hoton ne daban, ba IRM ba. Sikana tana iya wuce ƙaramin ƙari ba ta gan shi ba.

Jauro Bafillace:
Maman Sadiya in dai Ba'ara ce ke to ba sabon abu, Arawa tun kaka da kakanni ba ku jin magana, yanzu kin samu takardar likita 😂

Maman Sadiya, Tawa:
Jauro ka taki sa'a ni Ba'adara ce, da yau sai ka biya tara da ƙwaryar nono. Na gode ka sa ni dariya.

Malam na Wadata:
Ni ina cikin masu jira tun 2019, nawa milimita 11 ne kuma har hoton ƙarshe bai motsa ba. Ban ce kowa haka zai samu ba. Abin da ya taimake ni da dare, na daina neman shiru. Shiru shi ke ƙara mata ƙarfi. Ina kunna bantilatar ko in sa karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa, ba don ya rufe ƙarar ba, don kunne ya samu wani abin saurare. Na bar shayi daga la'asar, wanda a fadar hira da abokai da wuya amma na bari. In na kwanta barci ya ƙi zuwa ba na ta juyi, tashi nake in zauna in ja carbi sai ya zo da kansa, kuma ko yaya daren ya kasance da asuba nake tashi ba na ramawa da rana. Maganar jiri kuma wani kine, mai gyaran jiki da motsa gaɓoɓi, ya koya min: ki liƙa takarda mai harafi ɗaya a bango, ki kafa mata ido kina juya kai dama da hagu a hankali. Da farko sai kin ji kamar za ki yi amai, a haka ƙwaƙwalwa ke koyon dogara da ɗaya kunnen da ido da ƙafa. Masallacin asuba ba na zuwa sai da tocila. Ranar da ruku'u ya gagara ina salla a zaune. Kuma don Allah ki nisanci ƙwayar barcin masu talla a tire, irin su diyazefam, tana ƙara tangaɗi kuma jiki na sabawa da ita.

Dalibin likita:
Da girmamawa Malam, bai dace kowa ya riƙa ba da shawara a kan ciwon ƙwaƙwalwa ba. Wannan aikin neurochirurgien ne, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa. Har Majo ma ba fanninsa ba ne.

Majo mai ritaya:
Ɗana ina karɓar marasa lafiya tun ba a haife ka ba. Kuma me na faɗa wanda ya saɓa wa likitanta?

Maman Biyu, Yamai:
Likita minti goma yake ba ka ya kira na gaba. Da ƙarfe biyun dare wa ke tare da kai? Ku bar Malam ya yi magana, shi ke kwana da abin.

Dalibin likita:
Ban hana ba Hajiya. Amma a gaya mata in ta fara ciwon kai mai tsanani da amai, ko fuska ta yi mata nauyi ko gani biyu-biyu, kar ta jira wata 6 ɗin, ta kama hanyar Yamai ranar.

Ɗan Adar:
Hanyar Yamai kilomita 500 da wani abu, mai jiri cikin babbar motar haya daga Tawa har Doso kun san mi ke nan?

Abdul Telecom:
Malam bantilatar ɗin da kake cewa da wane kuran? Unguwarmu jiya tun magariba suka ɗauke sai da hantsi. Mai lafiya ma bai yi barci ba a zafin nan balle mai ƙarar kunne.

Hajiya Ƴar Konni:
Kuma ƙarshen wata faktir ta zo cif kamar ba a ɗauke ba. Firjina ya ƙone a dawowar wuta ɗaya, wa zan kai ƙara?

Alhaji Mai Albasa:
Tun ina saurayi ake cewa in an gama madatsar Kandaji an huta. Ga furfura har a gemu.

Jauro Bafillace:
Ku dawo ruga, mu ba a taɓa ɗauke mana ba.

Abdul Telecom:
Ku sayi pano ɗaya da batir kawai, jikka 85 na haɗa nawa yana jan bantilatar har asuba.

Hajiya Ƴar Konni:
85 ina? Batir kaɗai an ce min 90, kuma na bara wata huɗu ya yi ya mutu. A wane shago ka saya Abdul, turo min lambar mutumin ta gefe.